Wa ya taɓa zuwa Pyeongchang lokacin ƙanƙara?

Ɗan Zinder: Salamu alaikum jama'a. Hutun Janairu ya matso, ina so in kai iyali Pyeongchang, a Koriya ta Kudu, kwana biyu. Yara ba su taɓa ganin dusar ƙanƙara mai yawa ba. Ta ina za mu fara?

Baban Khadija: Wa alaikumus salam. Ku hau jirgin ƙasa na KTX daga Seoul, ba ya kai awa biyu. Amma ka kula, tashoshi biyu ne a gundumar, Pyeongchang da Jinbu. Idan wuraren zamiya a kan ƙanƙara na Alpensia ko Yongpyong kuka nufa, a Jinbu za ku sauka. A wuraren nan biyu aka yi yawancin wasannin kan dutse a gasar Olamfik ta hunturu ta 2018, wadda 'yan matan Najeriya suka shiga tseren keken ƙanƙara, karo na farko ga Afirka.

Maman Amira: Malam, ni dai maganar sanyi zan yi. Wurin tudu ne, kusan mita 700 sama da teku, iskar mashigar dutse ta Daegwallyeong kuma ba ta da sauƙi, ko kusa ba irin hunturunmu na gida ba ce. Safar hannu biyu-biyu ga kowane yaro, hula mai rufe kunne, da takalmin da ruwa ba ya shiga. Tawa ƙaramar safarta ta jiƙe, cikin minti goma ta fara kuka, dole muka koma ɗaki.

Ɗan Zinder: Allah sarki. Hajiya, abinci fa?

Maman Amira: Kifi ne mafita. Ku nemi miyar hwangtae, busasshen kifi ne da ake ratayewa a waje duk hunturu, ya daskare da dare ya narke da rana har ya yi laushi. Akwai kuma taliyar memil (wani irin hatsi) ta garin Bongpyeong, sai dai ku tambayi da me aka yi romon.

Yaya Habu: Ƙanena, kada ku ƙare a wurin zamiya kawai. Ku hau motar igiya ta Yongpyong zuwa kan dutsen Balwangsan, mita 1,458. Sannan hanyar itatuwan da ke kaiwa haikalin mabiya Buddha na Woljeongsa a gindin dutsen Odaesan, wajen kilomita ɗaya, shiru sai ƙarar ƙanƙara a ƙarƙashin takalmi. Ni ita ta fi tsaya mini a rai.

Baban Khadija: A Jinbu ma ana bikin kamun kifi, a huda ƙanƙarar rafi a jefa ƙugiya. Yara za su so shi.

Ɗan Zinder: Na gode ƙwarai. Bari in sayi tikitin Jinbu tun yau.