Me za mu kira "compile" idan fom ake magana?

Jama'a, a taimaka min. Ina shirya wa ɗalibaina a nan Kaduna darasi da Hausa kan yadda manyan kwamfutoci irin na bankuna ke buga takardu, sai na cije a kalma ɗaya: "compile".

Ga yadda aikin yake. A da madaba'a ce ke buga fom da layukansa da tambarinsa, a kawo shi kwali-kwali, doguwar takardar nan mai huji a gefe, firinta ta cike gurabe kawai. Da kamfanin Xerox ya fito da firintarsa 9700 a 1977, mai buga shafi 120 a minti ɗaya, sai aka samu wata hanya. Mutum ya zauna ya rubuta bayanin fom ɗin da wani harshe da suke kira FDL: ja layi daga nan zuwa can, akwati a nan, rubutu da harafi kaza. Kamfanin IBM ma yana da nasa harshen, OGL, a ƙarƙashin tsarinsa na buga takardu mai suna AFP. To firinta ba ta jin wannan bayanin ɗanye, sai wata manhaja ta juya shi zuwa abin da take ganewa, a adana, duk lokacin bugu ta ɗora shi tare da abin da za a cike gurabe da shi a kan farar takarda. Wannan juyin nake nema wa suna.

Malamar Hausa, Unguwar Rimi: Malam, ai ƙamus ya gama magana, "harhaɗawa" ko "tattarawa".

Hajiya, da nan na fara. Amma me aka tattara? Wanda ya harhaɗa waƙoƙi ya yi littafi, waƙoƙin suna nan yadda suke. A nan kuwa abin da ya shiga daban, abin da ya fito daban.

Wani ɗalibi, Tudun Wada: Malam, "fassara" fa?

Ka kusa, ɗana. Sai dai fassara mutum na iya karanta ta. Wannan in ka buɗe shi ba ka ganin komai sai tarkacen alamomi.

Tsohon ma'aikacin ɗakin kwamfuta, Barnawa: Ni na yi aikin nan da hannuna, cikin sanyin na'ura har sai mun sa rigar sanyi da rana tsaka. Wata rana na kuskure lamba ɗaya, akwatin jimla ya sauko ya hau kan sunayen mutane, ba mu lura ba sai da tarin takardun albashi ya kai gwiwa. Gyara a jikin wanda aka riga aka juya ba ya yiwuwa, dole ka koma bayanin asali ka gyara ka sake. Shi ya sa nake ganin "zubi" ne. Je ka Panteka ka ga masu zubin tukunya: in ta fito a karkace ba a daddaƙa ta, komawa ake a gyara ƙasar da aka yi zubin a cikinta a sake zubawa.

Baba, Allah ya ƙara girma, wannan ta zauna min. Ga shi kuma dama muna cewa zubi da tsarin rubutu, wato kalmar ta saba da takarda.

Malamar Hausa: Kada dai yara su ɗauka zubin adashi ne.

Hajiya, ba za mu bar ta ita kaɗai ba. Abin da mutum ya rubuta shi ne "bayanin fom", aikin "zubin fom", manhajar "mazubar fom", abin da ya fito "zubabben fom". Ita kwamfutar da Turawa ke ce wa "mainframe" na bar ta a "uwar kwamfuta", ko da yake wani ya turo min "giwar kwamfuta" kuma ta ba ni dariya.

"Mazuba" ce kaɗai ban gama yarda da ita ba, don kunnena na jin mazubin hatsi. Ranar Litinin zan gwada su a aji in ji wadda za ta kama bakin yara.