Ina riƙon 'ya'yan ƙanwata, amma ba ni da takarda

Assalamu alaikum 'yan uwa. Tun rasuwar ƙanwata 'ya'yanta suke hannuna, uban kuwa ko waya ba ya ɗagawa. Ci da sutura duk ni ce, ba na ƙorafi, jinina ne. Takarda ce ta tsaya mini. Makaranta ta ce sai uba ya sa hannu, asibiti ma haka. Na nemi tallafin riƙo, aka ce na wanda hukuma ta damƙa wa yaro ne, ni kuwa da kaina na ɗauko su, sai ka ce laifi na yi. To kotu zan nufa ta ba ni riƙon a rubuce? Dole sai uban ya amince? Ba na son a sauya musu sunan mahaifi. Don Allah wanda ya taɓa bin wannan hanya, daga ina zan fara?