Neman kalma: head gasket da annealing, zuwa gobe da safe

Mai_fassara: Salamu alaikum malamai. Ina fassara darasi kan gyaran tsofaffin baburan Ingila irin su BSA da Triumph, gobe zan miƙa. Kalma biyu sun tsaya min: head gasket na jan ƙarfe, da annealing da ake yi masa kafin a mayar.

Oga_gareji: Gaskit. "Tof gaskit" muke cewa, ko yaron shago ya sani.

Ɗan_harshe: Aro kan aro, Oga? Hana-yoyo. Gininsa irin na hana-salla, ba baƙo a ciki.

Oga_gareji: Malam, baburan nan iska ke sanyaya su, ba ruwa. Abin da gaskit ke tarewa tsakanin kan inji da silinda wuta ce da iska mai matsi. Hana-yoyo kuwa har robar famfo ta amsa sunan.

Baba_maƙeri: Ta biyun ku ce tausasawa. Jan ƙarfe in ya sha matsa taurare wa yake, sai ya ƙi kwanciya a 'yan ramukan fuskar inji, iska ta samu hanya. A wanke shi tas, a rataye da waya a ɗaki mai duhu-duhu, a bi shi da wuta ko'ina har ya yi ja mai duhu, wajen digiri 600 zuwa 700 a ma'aunin Celsius. Kada a tsaya wuri ɗaya, musamman siririn da ke tsakanin ramukan silinda, don a 1085 yake narkewa. Sai a tsoma a ruwa, a goge baƙin ɓawon da samfefa mai laushi.

Mai_fassara: Baba, ruwan ba zai taurara shi ba?

Baba_maƙeri: Wannan halin ƙarfen wuƙa ne. Jan ƙarfe ko a ruwa ko a iska laushi zai yi, ruwan ɓawo kawai yake kakkaɓewa. Amma ka rubuta cewa zallan jan ƙarfe ake wa haka. Mai asbesto (wani zare-zare mai jure wuta) a tsakiya ba a gasa shi, sabo ake sawa. Wanda ya tsage, ko noti ya murƙushe bakin raminsa, ko kaurinsa ya bambanta a ma'auni, shi ma ya tashi aiki.

Ɗan_harshe: Tagulla dai, ba jan ƙarfe ba. Kuma larabawa ba sa jin kunyar ƙirƙira, mu ne kullum da ƙoƙon bara.

Na_Maraɗi: Mu nan daga Faransanci muka aro, "juwan" muke cewa. Sifana da noti ma waye ya ƙirƙiro su, Malam?

Baba_maƙeri: Ka ce tagulla, wani ya kawo maka gaurayen ƙarfe na munduwa. A bar jan ƙarfe.

Oga_gareji: Ka ƙara da ɗaurin notunan kan inji: daga tsakiya zuwa waje, a gicciye, kaɗan-kaɗan har awon da littafin injin ya ce. In ya yi zafi ya huce sarai a sake ɗaurewa, don gaskit mai laushi yana zama, notuna su saki.

Mai_fassara: Na gode. Na sa "gaskit ɗin kan inji" da "tausasawa da wuta". Hana-yoyo zai shiga wajen bayani.

Ɗan_harshe: Tausasawa na yarda. Gaskit kuwa, a rubuta ban sa hannu ba.