Waƙoƙin Turanci da za a iya sawa a mota da yara a baya

Baban Ummi: Assalamu alaikum 'yan uwa. Taimako nake nema. Doguwar tafiya ce a gabanmu, ina so in cika memori da waƙoƙin Turanci, amma da yara a motar, kuma babbar ta fara jin Turanci sosai. Waɗanda ake jin maganar mawaƙin tar nake so, babu ashar, babu batsa. Na da ko na yanzu, duk ku kawo.

Kawu Sale: Wa'alaikumussalam. Fara da Stand by Me ta Ben E. King, 1961, da Lean on Me ta Bill Withers, 1972. Duk biyun zancensu ɗaya ne, tsaya wa ɗan uwa ranar da ya shiga matsi. Kalmomin kaɗan ne, kuma a tsanake ake faɗarsu. Ka ɗora da Let It Be ta Beatles, 1970. Paul McCartney ya ce mafarkin mahaifiyarsa ya yi tana kwantar masa da hankali, ita da ta rasu yana ɗan shekara 14.

Maman Sadik: Yallaɓai, in guda ɗaya za ka ɗauka daga wajena, ɗauki Fast Car ta Tracy Chapman. Labari ne daga farko har ƙarshe. Yarinya ce uwarta ta bar gida, uban giya ta kama shi, dole ta ajiye makaranta don ta kula da shi. Tana aiki a kanti tana tara ɗan abin da ta samu, burinta ita da saurayinta su shiga motarsa su bar garin. Sun bari ɗin. Sai ga shi aikin ita kaɗai ke yi, shi yana can wajen shaye-shaye da abokai, ya fi ganinsu a kan 'ya'yansa. A ƙarshe ta ce ya ɗauki motarsa ya ƙara gaba. Duk macen da ta taɓa riƙe gida ita kaɗai ba sai an yi mata bayanin waƙar nan ba.

Yadda ta yi suna ma abin ji ne. A watan Yuni na 1988 aka yi babban taro a filin Wembley na Landan don cikar Nelson Mandela shekara 70, yana gidan yari a lokacin. Stevie Wonder ya kamata ya hau, sai aka nemi wani abu cikin kayan kiɗansa aka rasa. Aka dawo da Tracy ta cike gurbin, ita da jitarta kawai a gaban dubban mutane, ana nunawa a talabijin a ƙasashe da dama. Daga ranar faifanta ya fara tashi. A 2023 Luke Combs ya sake rera ta, yaran yanzu suka ɗauka sabuwa ce. Nasa ma ba laifi, amma ta asalin nake nufi.

Abba: Anti, gaskiya kin kawo. Amma kar a manta da gambara. Dear Mama ta Tupac, 1995. Ban san wata waƙar yabon uwa da ta kai ta ba. Mahaifiyarsa Afeni 'yar Black Panther ce, ƙungiyar fafutukar 'yancin baƙaƙen fata a Amurka, tana ɗauke da cikinsa aka yi mata shari'a, aka sallame ta a 1971 saura kamar wata ɗaya ta haife shi.

Kawu Sale: Abba, na san waƙar kuma tana taɓa zuciya. Amma a ciki ya faɗi yadda uwar ta faɗa shan ƙwaya, ya kuma faɗi cewa shi kansa ya sayar da ƙwayar don ya kawo kuɗi gida. Yarinyar da ta fara jin Turanci za ta tambaya.

Abba: Haka ne Kawu. Sai dai ai bai yi alfahari da shi ba, godiya yake mata duk da abin da ya faru. Ni da ni ne sai in bari ta tambaya in yi mata bayani.

Baban Ummi: Ka yi gaskiya ƙanena, amma ba a kan sitiyari ba. Zan ajiye ta sai ina ni kaɗai. Akwai wata gambarar?

Abba: Gangsta's Paradise ta Coolio, ita ma 1995. Sunan ne ke tsorata mutane, amma babu ashar ko ɗaya a ciki. Dalili kuwa, kiɗan daga Pastime Paradise ta Stevie Wonder aka ɗauko, ta 1976, shi kuma bai yarda a yi amfani da shi ba sai da aka cire zagi. Kukan saurayi ne da ya tashi a unguwar 'yan daba yana ganin da wuya ya yi tsawon rai. Gargaɗi ce, ba kirari ba. Sai Lose Yourself ta Eminem, 2002, ita ce gambara ta farko da ta ci kyautar Oscar ta waƙar fim. Wannan kam sai ka nemi wadda aka tace domin gidan rediyo, kuma da sauri yake magana.

Malama Hadiza: Ina da jan hankali ɗaya a matsayina na mai koyarwa. Kada daɗin kiɗa ya hana a saurari maganar. Billie Jean ta Michael Jackson, 1983, kowa ya taka rawarta, amma zancen wata mace ce da ta ce shi ne uban ɗanta, shi kuma yana musu. Bohemian Rhapsody ta Queen, 1975, aiki ne na gwaninta, kusan minti shida babu amshi, sai dai tun a farkonta saurayi ke gaya wa uwarsa ya kashe mutum. In Michael ake so don yara, ga Heal the World da Man in the Mirror. Sannan We Are the World, wadda shi da Lionel Richie suka rubuta a 1985 saboda yunwar Habasha. Quincy Jones ya tara mawaƙa sama da 40 a dare ɗaya a Los Angeles. Ita tana da wani amfani a mota: kowane layi muryar wani ce daban, sai ku riƙa cankar wane ne, Tina Turner ce, Ray Charles ne, ko Bruce Springsteen mai shaƙaƙƙiyar murya.

Alhaji na Garwa: Tunda an ambaci Michael, bari mu 'yan Kamaru mu sa baki. Amshin nan da ake maimaitawa a ƙarshen Wanna Be Startin' Somethin', waƙar da ta buɗe faifan Thriller na 1982, daga Soul Makossa ta Manu Dibango aka samo shi, ɗan Duwala, ya fitar da ita tun 1972. Sai da ya kai ƙara kafin aka sasanta. Ka sa su a jere yara su ji da kunnensu.

Maman Sadik: Madalla Alhaji. In kuma murya ake so a ji, I Will Always Love You ta Whitney Houston, 1992. Farkonta babu kiɗa ko kaɗan, numfashinta ma kana ji. Mako 14 ta yi a saman jerin Billboard na waƙoƙin da suka fi tashe a Amurka. Dolly Parton ce ta rubuta, ta fitar a 1974, kuma ba saurayi ta yi wa ba, bankwana ce da Porter Wagoner, abokin aikinta da ta daɗe a shirinsa na talabijin.

Kawu Sale: Wadda nake ta ajiyewa ita ce Father and Son ta Cat Stevens, 1970. Shi kaɗai ya yi muryoyin biyu. In uba ke magana sai ya sauke murya ƙasa, yana cewa ɗan ya yi haƙuri, ya zauna, ya yi aure, duniya ba ta gudu. In ɗan ne sai muryar ta ɗaga, yana cewa tun yana ƙarami umarni kawai ake ba shi, yanzu tafiya ta zama dole. Bai ba kowa gaskiya ba, bai kuma hana kowa ba. Da ina saurayi ɓangaren ɗan nake bi, yanzu da nawa suka kawo ƙarfi sai na ga uban ma yana da hujja. Mutumin ya musulunta a 1977, ya koma Yusuf Islam, ya ajiye irin wannan waƙar shekaru kusan 30 kafin ya dawo.

Abba: Kawu, ashe ba ta Boyzone ba ce?

Kawu Sale: Su a 1995 suka sake yi. Nemi faifan Tea for the Tillerman, a nan take, tare da Wild World.

Malama Hadiza: A ƙara By Your Side ta Sade, 2000. A Ibadan aka haife ta a 1959, ta girma a Ingila, kuma tana furta kalma ɗaya bayan ɗaya yadda mai koyo zai iya bi. Baban Ummi, ka sauko da rubutattun baitocin a waya kafin ku tashi, don akwai wuraren da sabis ke ɗaukewa a hanya.