Tsakiyar Ralen mahaifina tana ƙwas-ƙwas, ƙusar feda kuma ta ƙi fita

Ɗan Gwammaja:
Assalamu alaikum. Masu sanin keke ku taimaka. Na fito da Raleigh ɗin marigayi mahaifina daga ɗakin ajiya, baƙi, mai birkin ƙarfe, tambarin nan mai kan zalɓe yana nan a gabansa an rubuta Nottingham. Na sa masa sababbin tayoyi, yana tafiya. Matsalar tana tsakiya, inda sandar feda ta ratsa jikin keken. Duk takun da na yi da ƙafar hagu sai in ji ƙwas, in kuma na juya da hannu sai ka ce ana niƙa yashi a ciki. Na kwance notin ƙusar da ke riƙe da hannun feda, na yi ta bugu da guduma har kanta ya baje, ko motsi ba ta yi ba. Wani mai gyara a bakin titinmu ya ce in kawo ya zubar da kayan cikin duka ya sa na Chana. Raina bai kwanta ba. Yaya zan yi?

Baba Mai Sifana:
Wa alaikumus salam. Allah ya jiƙan mahaifinka. Ɗana, ajiye gudumar nan tukuna.

Ba a cire notin gaba ɗaya. Sassauta shi ake yi har ya zo daidai da bakin ƙusar, shi zai kare zaren, wato layukan da notin ke hawa. Sannan ka sami guntun bututun ƙarfe ka tsayar a ƙasa, hannun fedar ya zauna a kansa, ɗayan ƙarshen ƙusar, mara noti, yana cikin ramin bututun. Wani ya riƙe maka keken. Bugu ɗaya mai nauyi, ba ƙananan ƙwanƙwasa ashirin ba. In babu bututun, duk dukan da ka yi 'ya'yan boris ne ke shan sa, su kuma su lotsa kofunan ƙarfen da suke juyawa a ciki. Tunda taka ta riga ta baje, yanke wurin da ya baje da zarto, ka ɗiga mata baƙin mai ta kwana, gobe ka tura ta da wani ƙarfe siriri. Sabuwa ba tsada, kaurinta mil 9.5.

In ƙusar ta fita, daga hagu ake buɗe tsakiyar: zoben kulle, sannan kofin. Shimfiɗa tsumma a ƙasa don 'ya'yan boris gudu ne da su. 11 ne kowane gefe, masu kwatar inci, 22 ke nan. Zubar da su ka sayi sababbi. Kofin dama na wajen sarƙa kada ka taɓa shi, zarensa a juye yake kuma an ɗaure shi tun daga masana'anta, ka wanke shi yana wurinsa da kananzir da tsohon buroshin haƙori. Ka bi hanyar da boris ke bi a jikin sandar da farcenka. In sumul take, alhamdulillah. In farcen yana saƙalewa a ramuka, sandar ta gama aiki.

Wajen mayarwa, cika kofi da giris ka jera 'ya'yan, giris ɗin zai riƙe su. Dogon ɓangaren sandar na wajen sarƙa ne, kada ka juya. Ɗaure kofin hagu har girgiza ta ɓace amma sandar na juyawa da yatsu biyu, sannan ka kulle zoben. Sau da yawa sai ka yi sau uku kafin ya zauna, domin kulle zoben yana canza saitin.

Injiniya Sabon Gari:
Baba ya gama magana, abu ɗaya zan ƙara game da mai gyaran nan. Raleigh na Nottingham zaren kansu gare su, layi 26 a kowane inci, alhali yawancin kekuna 24 ne. Faɗin bakin kusan ɗaya ne, shi ya sa baƙon kofi zai shiga zagaye biyu ko uku lafiya lau, sai ya cije. Mai gaggawa ya sa ƙarfi, ya cinye zaren jikin keken, shi ke nan an yi asara. Kofunan asali ƙarfensu mai kyau ne, in ba su fashe ba ka riƙe abinka. In dole sai an canza, nemi mataccen Raleigh a wajen tsofaffin masu gyara ka ciro.

Ɗan Gwammaja:
Na gode ƙwarai Baba, na gode Injiniya. To ita ƙusar, da noti zan ja ta har ta matse?

Baba Mai Sifana:
A'a, zaren zai tsinke. Buga ta ake yi ta zauna, da bututun nan a ƙasa, noti riƙewa kawai yake. Kuma ta hagu da ta dama su kalli saɓanin juna, in ba haka ba fedojin ba za su miƙe a layi ɗaya ba, ka yi ta tuƙi kamar mai ɗingishi. Bayan kwana biyu kana hawa, ka sake buga su ka ƙara noti. Ni ina zargin ƙwas ɗin nan ma rabi daga ƙusar hagu yake.

Ɗan Gwammaja:
Na dawo da labari. Ƙusar ta fita jiya bayan la'asar, ƙanena ne ya riƙe keken. Giris ɗin ciki ya daskare ya zama kamar busasshiyar laka, haɗe da jar ƙura. Na ƙirga boris 21, biyu sun rabe gida biyu, ɗayan kuwa har yanzu muna neman sa a tsakar gida. Sandar lafiyarta ƙalau. Abin da ya tsayar da ni shi ne wani guntun gwangwanin madara da na tarar an naɗe a ciki, ya rufe bakin bututun da ke saukowa daga sirdi. Baba, wannan na mene ne?

Baba Mai Sifana:
Don kada tsatsa da ruwan damina su zubo kan boris. Wanke shi ka mayar yadda ka same shi.