Tallafin bincike na gwamnati: mai walda irina zai iya samu kuwa?

Mai Walda, Jos:

Assalamu alaikum jama'a. Ina da shagon walda a wajen Farin Gada. Ƙofofi da tagogi da tankunan ruwa su ne abincina, amma tun bara na ɗaura wa kaina haɗa injin surfen acca. Duk wanda ya tashi a Filato ya san wahalar acca: ƙwayar mitsi-mitsi, mata su daka a turmi, su sheƙe, su wanke, su yi ta rege yashi har baya ya ƙage. Injin nawa yana surfawa, sai dai yana farfasa ƙwaya da yawa, kuma baƙin ƙarfen da na yi cikinsa da shi yana tsatsa, dole a koma marar tsatsa, shi kuwa kuɗinsa ba a magana. Kowane gwaji sai na sayi acca a mudu, na zuba mai a janareta, wani lokacin boris ya ci, fuli ya goce, a sake sabon lale.

Ƙanena da ke karatu ya ce a Amurka gwamnati tana ba ƙananan kamfanoni kuɗin gwaji, ba bashi ba. Mu nan akwai irinsa? Bashin banki kam ba na so, don ban san ranar da injin zai fara kawo ko sisi ba.

Malamar Jami'a:

Wa alaikumus salam Malam. Ƙanenka bai yi ƙarya ba. Shirin sunansa SBIR, an kafa shi da doka a 1982 zamanin Shugaba Reagan. Duk hukumar tarayyar Amurka da ke kashe sama da dala miliyan 100 a shekara wajen ba da aikin bincike a waje, wajibi ne ta ware kashi 3.2 cikin ɗari na kuɗin ga ƙananan kamfanoni. Hawa-hawa ake bayarwa. Da farko kuɗi kaɗan, na 'yan watanni, don ka nuna abin zai yiwu. In ya yiwu, a ƙara maka mai kauri, na kimanin shekara biyu, ka ƙera shi sosai. Hawa na uku kai da kasuwa ne, shirin ba ya ƙara ko kwabo. Kamfanin Qualcomm, mai yin ƙwaƙwalwar wayoyin da ke aljihunmu, ya ci irin wannan tallafi yana ƙarami. Amma na kamfanonin Amurka ne kawai, kada wani ya ce zai cika maka fom daga nan.

Abin da ke burge ni a tsarin shi ne sun yarda gwaji yana iya faɗuwa. Banki ba ya jin wannan yaren, shi ya sa gudun bashin da kake yi daidai ne a wannan gaɓar. Bashi na wanda ya riga ya san injinsa na aiki ne, yana son ya buga guda hamsin ya sayar.

A nan gida, kuɗin bincike mafi tsoka yana hannun TETFund, hukumar tallafa wa manyan makarantun gwamnati, wadda ake tara wa kuɗi daga harajin da kamfanoni ke biya. Tana da asusun bincike na ƙasa, amma jagoran aikin sai malamin jami'a ko kwalejin kimiyya da fasaha ko ta ilimi, mallakar gwamnati. Kai ba za ka nema da sunan shagonka ba. Sai dai ka shiga ayarin wani malami a matsayin mai ƙira. Kuma in faɗa maka gaskiya, mu muka fi buƙatarku: injuna nawa ɗalibai suka haɗa don kammala digiri, suna jibge a ɗakin gwaji suna shan ƙura, saboda babu wanda ya san yadda mai saye ke son su? Ka leƙa sashen injiniyan kanikanci ko na noma, a Jami'ar Jos ko kwalejin kimiyya da fasaha ta Barikin Ladi, ka nemi wanda ke aiki kan hatsi.

Ɗan Kubwa:

Oga, ni dai gargaɗi na kawo. Kana fara cigiyar tallafi za su fito maka kamar farin ɗango, a WhatsApp da Facebook, da tambarin gwamnati da komai. Duk wanda ya ce ka biya kuɗin fom, ko ka turo BVN da lambar da banki ya aiko maka a waya, ɓarawo ne, rufe shi.

Sannan kada a ruɗe ka da dokar sababbin kamfanonin fasaha da Buhari ya sa wa hannu a 2022. Ta yi tanadin asusu na aƙalla naira biliyan 10 duk shekara, amma tana magana ne kan fasahar zamani ta kwamfuta da intanet, kuma NITDA, hukumar bunƙasa fasahar sadarwa ta ƙasa, ce ke ba da shaidar shiga. Mai manhaja ake nufi, ba mai walda ba. Ni a ganina an yi wa maƙera rashin adalci a nan, amma haka dokar take.

Tsohon Ma'aikaci, Abuja:

Ɗana, sannu da ƙoƙari. Na yi aikin gwamnati har na yi ritaya, bari in ƙara kan abin da Malama ta ce.

Kafin kuɗi, tsare abinka. Akwai hukumar NOTAP a nan Abuja, tana taimaka wa masu ƙirƙira su yi rajistar haƙƙin mallakar ƙira, ita ke ɗaukar kuɗin rajistar. Takardar tana kare ka har shekara 20. Sharaɗinta shi ne abin ya zama sabo, wanda ba a riga an baza wa duniya ba. Saboda haka kada zumuɗi ya sa ka ɗauki bidiyon cikin injin ka watsa kafin ka shigar da takarda. Akwai injunan surfen acca da aka riga aka yi a ƙasashen yammacin Afirka, to ka san takamaimai mene ne naka ya bambanta da su, don shi za a tambaye ka.

Sai hukumar NBTI mai cibiyoyin renon fasaha a jihohi, inda ake ba mai ƙira wurin aiki da shawarar ƙwararru, da kuma RMRDC da ke Maitama, wadda aikinta ke nan, a sarrafa albarkatun gida. Acca ta faɗo cikin hurumin su. Ba na ce za ka je yau ka dawo da cek ba. Kasafinsu ba yawa, kuma sai an bi da haƙuri.

Tallafin da ba bashi ba an taɓa yin sa da gaske a ƙasar nan. Gasar YouWiN ta matasa masu sana'a, ta 2011, lokacin Jonathan: kusan mutum 24,000 suka nema a zagayen farko, aka zaɓi 1,200, aka riƙa sakin kuɗin kashi-kashi, sai an ga ka cika abin da ka ce za ka yi. Da takarda aka ci gasar, ba da baki ba. To ka yi wa shagonka rajista da CAC, hukumar rajistar kamfanoni, ka buɗe asusun banki da sunansa, ka sayi littafi mai bango. Duk gwaji ka rubuta: kilo nawa ka zuba, nawa ya fito tsaf, nawa ya farfashe, minti nawa, mai nawa ya ci. Mai duba takardar neman tallafi ba zai zo Farin Gada ya ga injin yana juyawa ba, lambobin nan zai gani.

Mai Walda, Jos:

Na gode Baba, Allah ya ƙara girma. Littafi kam gobe zan saya, da sikeli, don da mudu nake awo. Malama, abu ɗaya ke min cikas: in na kai wa malamin jami'a, aka samu kuɗin, injin ya zama na wa?

Malamar Jami'a:

Wannan ita ce tambayar. Ko a Amurka, a ɗan'uwan shirin da ake kira STTR, na 1992, inda kamfani ke haɗa kai da jami'a, sai ɓangarorin biyu sun rubuta yarjejeniyar mallaka, kuma kamfanin ne ke yin aƙalla kashi 40 na aikin, jami'a aƙalla kashi 30. Kai ma haka za ka yi. Fara shigar da takardarka ta NOTAP, sannan ka je. A rubuta sunanka cikin ayarin, a rubuta nawa ne kuɗin ƙira da zai shigo shagonka, da wanda ke da ikon bugawa ya sayar in an gama. Shugaban sashe ya sa hannu, kai ma ka tafi da shaidarka. Malamin da ya ce "ai mu 'yan'uwa ne, ba sai an rubuta ba", ka yi masa godiya ka nemi wani.