Jaridar kasuwanci ta cire min dala 35, in ci gaba ko in soke?

Mai Riɗi:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Don Allah ku yi haƙuri da tsawon rubutu, kwana biyu ke nan ban yi barcin kirki ba. A Dawanau nake, ina harkar riɗi da zoɓo da 'yar masara. Shagon na mahaifinmu ne, Allah ya jiƙansa, da gyaɗa ya fara tun muna yara. Da ya rasu yayana ya riƙe shekara shida, sannan ya koma harkar mota ya bar min. Jarin ba nawa ba ne ni kaɗai, akwai gadon ƙannena mata biyu a ciki, ga kuɗin surukina da ya ba ni in juya masa, shi kuwa mutum ne da ko kwabo sai an yi masa bayaninsa. A kakar 2024 na zuba masara a sito ina jiran bazara kamar yadda aka saba. Bazara ta zo, maimakon farashi ya tashi sai ya yi ƙasa. Daga baya wani abokina yake ce min ai tun watan Yulin 2024 gwamnati ta sanar da janye harajin shigo da masara da alkama da shinkafa da wake na kwana 150, duk mai bibiyar jaridun kasuwanci ya hango abin da zai biyo baya. Maganar ta tsaya min a rai. Da bankuna suka dawo da biyan kuɗin waje da katin naira a 2025 sai na yi rajista da wata jaridar ƙasar waje, dala 2 a wata har wata 3. Wallahi na sha'afa cewa ragi ne. Shekaranjiya ina tsaye ana auna min riɗi sai ga alat, sun cire dala 35, sama da naira dubu 50. Kuma haka za su riƙa yi duk wata. In soke ne, ko in daure?

Hajiya Mai Atamfa:
Wa alaikumus salam. Ƙanena soke yau, kar ka kai gobe. Ni ma haka wata manhajar karatun yara ta yi min, wata huɗu suna zarar kuɗi ban sani ba. Na je banki na wuni a layi, yarinyar da ke kan tebur ko ɗaga kai ba ta yi ba, ta ce ni na amince da hannuna. Tun ranar na buɗe asusu daban, abin da zan biya kaɗai nake turawa ciki. Mu a Kwari farashin dala a bakin 'yan canjin Wapa muke ji, ba mu taɓa biyan ko sisi ba.

Tsohon Ma'aikacin Banki:
Hajiya, da girmamawa, irin wannan tunanin ne yake cinye jarin mutanenmu. Ɗan canji farashin yau zai faɗa miki, ba zai faɗa miki dalili ba. A Yunin 2023 da Babban Banki ya saki naira kasuwa ta yanke darajarta, dala ta tashi daga wajen 460 ta haura 700 a hukumance, kafin Fabrairun 2024 ya ƙare ta wuce 1,500. Masu karatu sun daɗe da sanin za a yi, domin an sha rubuta shi kafin a rantsar da Tinubu. Wanda ya ba da bashin kaya a naira a lokacin, ku tambaye shi yadda ya ƙare. Na yi shekara 22 a banki, ban taɓa ganin babban ɗan kasuwar da ba ya sayen labari ba.

Amma Mai Riɗi, kai ma ka yi kuskure. Irin su Bloomberg da Financial Times da Wall Street Journal an yi su ne don mai hannun jari a Landan da New York. Za ka ga labari 50 kafin ka ga ɗaya a kan Najeriya, riɗi kuwa sai ka shekara ba ka ji an ambace shi ba. Ka koma ta gida irin BusinessDay, da naira za ka biya, kuma kwastam da tashar Apapa da Babban Banki su ne abincinsu kullum. Sauran kyauta ne. Hukumar Ƙididdiga tana fitar da rahoton hauhawar farashi tsakiyar kowane wata, Babban Banki yana wallafa matsayarsa a kan kuɗin ruwa bayan kowane zama, kamar na Satumban 2025 da suka rage daga kashi 27.5 zuwa 27 cikin ɗari. Ka yi haka, magana ta ƙare.

Mai Riɗi:
Na gode Yallabai. Amma fa ba haka kawai na zaɓi ta waje ba. Riɗinmu Japan da Sin da Turkiyya yake tafiya, zoɓo kuma Meziko. In damina ta yi kyau a Indiya ko yaƙin Sudan ya hana su fitar da nasu, a nan muke ji a jikinmu. Jaridar Legas ba za ta faɗa min wannan ba.

Ɗan Maraɗi:
Salamu alaikum. Ni ban yarda da ko ɗaya ba. Lokacin da aka rufe iyaka bayan juyin mulkin Nijar na Yulin 2023, direbobinmu na Jibiya da Ɗan Isa ne suka kira mu tun kafin a buga a ko'ina. Tirela biyu na wake suka kwana a hanya har ƙwari suka shiga, babu jaridar da ta biya ni. Wata bakwai muna cikin wannan hali sai Maris na 2024 aka buɗe, kuma har yau abin bai koma daidai ba, a kowane shinge sai ka sauke wani abu. Dubu 50 ɗin nan ka raba wa dillalai uku kuɗin kati, ɗaya a Maigatari, ɗaya a Benuwai, ɗaya a Legas wajen masu kwantena. Da asuba ka kama BBC da RFI. Ya ishe ka.

Tsohon Ma'aikacin Banki:
Dillali yana da kaya a hannu, abin da zai amfane shi zai faɗa maka. Na faɗa na kuma, labarin baki shi ya kai mu inda muke.

Ɗalibar Lissafin Kuɗi:
Kawu Mai Riɗi, tambaya ɗaya don Allah. A wata ukun nan labari nawa kuka karanta har ƙarshe, kuma akwai wanda ya sa kuka saya ko kuka fasa saye? In akwai ko ɗaya da ya tsare muku asarar buhu biyu, ta biya kuɗinta. Sannan ku shiga wajen sokewa ku gani, da yawansu in suka ga mutum zai tafi sai su miƙo sabon ragi. Mu a aji mu shida muke haɗa kuɗi mu buɗe guda ɗaya.

Malamin Islamiyya:
'Yata, wannan na mutum shida a dube shi da kyau. In sharaɗin da kuka danna kuka amince ya ce na mutum ɗaya ne, to alƙawari ne kuka ɗauka. Ni abin da ya fi damuna ma daban ne. Ɗan'uwa, daga aljihunka kuɗin ya fita ko daga asusun shago? Ka ce akwai haƙƙin ƙannenka da na surukinka.

Mai Riɗi:
Malam, ai don shagon nake karantawa, ba don nishaɗi ba. Kuma ba za a ce ban amfana ba. A watan Agustan 2025 da aka hana fitar da ɗanyar ƙwarar kaɗanya na wata 6, wani ya kawo min tayin mota guda da araha, na ƙi, cikin kwanaki farashi ya faɗi.

Ɗan Maraɗi:
Wannan ai har a rediyo an faɗa da Hausa, a ranar.

Mai Riɗi:
An faɗa, amma ba da bayanin da na gani ba. Gaskiya Turancinsu yana da nauyi, wani sai na bari yarona ya dawo daga makaranta mu bi shi tare, ga hidimar kaka ba ta barin mutum ya zauna. Amma in na soke sannan wani abu ya sake faruwa irin na masara, da wane ido zan kalli surukina?

Tsohon Ma'aikacin Banki:
Ka ji ko? Kana biyan abin da ba ka karantawa. Ka turo min lambarka ta akwatin sirri, zan nuna maka yadda za ka yi rajistar ta gida cikin minti 5.

Hajiya Mai Atamfa:
Kar ka sa katinka a ko'ina kuma. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma gudu yake.

Mai Riɗi:
To, tunda sun riga sun cire na wannan watan, saura kwana 28, bari in ga abin da zan tsinta a ciki. Wai akwai wanda ya san ko suna mayar da kuɗi in mutum ya rubuta musu cewa mantuwa ya yi?

Ɗalibar Lissafin Kuɗi:
Kawu, ba ku amsa tambayata ba fa. Labari nawa?